Farin Allon Yaya

Talata, 4 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na dawo daga makaranta na tarar da takalman Yaya a bakin ƙofa. Yaya ba ta dawowa kafin ƙarfe shida. Tana ɗaki ta rufe ƙofa, Umma kuma tana goge tebur ɗin da na riga na goge da safe.

Na ce, "Umma, lafiya?"

Ta ce, "Je ki cire kayan makaranta, Auta."

Da na sake tambaya sai ta ce an ba Yaya hutu. Wane irin hutu ake bayarwa ranar Talata da tsakar rana? Na ga igiyar katinta na shiga ofis a kan kujera. Igiyar kawai, babu katin.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baba ne ya faɗa min, yana neman makullin shagonsa. Ba hutu ba ne, dakatar da ita aka yi. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, 20 ga wata. Idan suka ce da gangan ta yi, za a kore ta, kuma babu ofishin da zai sake ɗaukarta. Na ce da gangan ta yi me? Ya ce, "Ki tambaye ta, ni fanka da rediyo na iya gyarawa."

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta aikin Yaya yadda na fahimce shi, don in na tsara abu a takarda zuciyata tana kwanciya.

Akwai wani tsohon rufin gidaje, mai ruwan toka, wanda in ya tsufa ƙurarsa take lalata huhu. An ba ofishinsu aikin gano duk inda yake a unguwannin bayan titin jirgin ƙasa, don a cire. Ba za a hau kowane gida ba, sai su tashi ƙaramin jirgi mara matuƙi da kyamara a cikinsa. Kyamarar waya launi uku take gani. Tasu tana ganin fiye da ɗari biyu, yawanci ma idon mutum bai san da su ba. Saboda haka kowane ɗigo a hoton yana da nasa layi mai hawa da sauka. Layin kwano daban, na siminti daban, na ganye daban.

Dabarar Yaya ita ce ta bi layin da wasu 'yan siffofi kamar igiyar ruwa, manya da ƙanana, tana gwada su a kowane wuri. Manyan suna kama tudu da gangare, ƙananan suna kama ɗan lotsawar da ido zai tsallake. A ofis suna ce wa abin webulet, ni da Umma muna cewa 'yan igiyoyi. Tsohon rufin yana da ɗan rami guda kusa da ƙarshen layinsa. In 'yan igiyoyin suka same shi, a sa wa gidan ja a taswira. In babu, kore.

Shekara biyu tana wannan aikin. Taswirar ta fito ranar Litinin, kore gaba ɗaya. Har da tsofaffin sito-siton bakin titin jirgi, waɗanda kowa ya san rufinsu.

Alhamis, 6 ga wata, lokacin tara

Rediyo ta riga ta ji. Ƙawata ce tun aji ɗaya, ba a banza muke kiranta Rediyo ba.

Ta ce, "An ce mai sito-siton nan ya ba yayarki wani abu ta goge masa ja. An ce har mota."

Sai da muka koma aji amsar ta zo min: motar a ƙarƙashin gado ta ajiye? Kullum haka nake, amsa tana zuwa bayan mai tambaya ya tafi.

Amma wa ya faɗa wa Rediyo? Mu dai ba mu faɗa wa kowa ba. Daga ofis maganar ta fito.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai Tabarau ya zo. Abokin aikin Yaya ne, teburinsa yana kallon nata, kuma tun farko bai yarda da 'yan igiyoyi ba, tsohuwar dabara yake so. Ya kawo mata kofinta da abin cajin waya a cikin kwali. Wa ya aike shi? Mutumin da aka ce zai dawo aiki ba a kawo masa kofinsa gida.

Umma ta sa na kai masa ruwa. Ya dube ni ta saman tabaransa ya ce, "Ke ce Autar? Yayarki ta ce ƙura ba ta kwana a gidan nan saboda ke."

Na ce, "Shara kawai nake yi."

Ya yi dariya. Ban ga abin dariya ba. Me ya kawo maganar ƙura? Yana fita Yaya ta ce, "Kun ga yadda yake leƙen ɗakina? Shi kaɗai ne ban da ni ya san lambar sirrin kwamfutar." Na ce ni ma ban yarda da shi ba. Na faɗa sau biyu.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku

Direban ofishin ma abin a duba shi ne. Shi yake ɗaukar kaya.

Litinin, 10 ga wata, bayan magariba

Yaya tana da kwafin lambobin a kwamfutarta ta gida, tun safe take kansu. Ta kira ni in riƙe mata takarda ina karanto lambar gida tana dubawa. Mun yi gida sittin.

Ta ce, "Auta, abin da ya ɗaure min kai, ramin ya ɓace a kowane rufi. Ko ɗaya bai tsira ba. In mutum ne ya bi yana gogewa, dole ya manta da guda. Wannan kamar daga tushe aka cike shi."

Na ce mene ne tushe? Ta ce farin allo. Kafin jirgi ya tashi sai an nuna wa kyamara wani farin allo, faɗinsa kamar murfin tukunya, don ta san yadda fari yake a hasken ranar wannan yinin. Da shi ake auna duk sauran. In allon yana da rami a wurin da rufin yake da shi, sai su cinye juna, layi ya fito sumul.

Sai ta girgiza kai. "Amma allo ba ya ƙarya. Ba a taɓa shi. Ko yatsa ba a sa masa, balle ruwa. A akwatinsa yake kwana."

Na ce bari in je in wanke kwanuka. Ta ce ai Umma ta wanke. Na ce zan duba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ni shara kawai nake yi a ɗakinta.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu

Na ci shida cikin ashirin a gwajin lissafi. Malama ta kira ni ta ce, "Ke kuwa lafiya?" Na ce lafiya. Ta daɗe tana kallona. Yau kowa kallona yake yi. Har mai gadin makaranta da bai san sunana ba.

Alhamis, 13 ga wata, bayan tashi

Na jira kowa ya fita daga ɗakin gwaji, sannan na je wurin malamin kimiyya. Sau uku ina isa ƙofa ina komawa.

Na ce, "Malam, misali ne. In an wanke farin abu da garin sabulu da ɗan bula, aka ɗauraye sosai, wani abu yana saura?"

Ya ce, "Ai don ya saura aka yi shi. In bai saura ba, me zai sa rigarki ta fi ta Rediyo haske?"

Na ce, "Ko an ɗauraye sau uku?"

"Ko sau goma. In abin yana da 'yan ƙofofi yana sha ne. Idonki zai ce fari tas, na'ura za ta ce ga sabulu." Ya rufe littafinsa. "Misalin naki yana da suna?"

Na ce a'a, na gode, Malam.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar

Umma ta ɗauke bula daga inda yake zama ta mai da shi saman kabad. Ban tambaye ta ba. Ɗazu ta ce, "Uwar tsafta, kwana biyu ban ga kina wanki ba." Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Ta sani ne? In ta sani me ya hana ta magana? In ba ta sani ba me ya kai bula sama?

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yaya ta ƙi cin abinci. Tana rubuta takardar da za ta kai ƙarar Mai Tabarau. Ta karanta min, ta ce in duba mata kuskuren rubutu tunda ni ce gwana. Na gyara waƙafi biyu.

Matarsa ta haihu watan jiya. Yaya ce ta ɗauke ni muka je barka, ba mu same shi a gida ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta sau ɗaya, in ya so in yage takardar.

Ranar Lahadi, mako uku da suka wuce, Yaya ta fita kasuwa da Umma. Ina share ɗakinta na ga baƙin akwati a bayan ƙofa. Na buɗe, ban san me ya sa ba. Farin allo ne, kuma a gefensa akwai tabon babban yatsa, ya fito sarai. Na san washegari ne babbar ranarta, da manya a wurin. Na ce ba za ta fita da abu mai datti a gaban mutane ba. Na wanke da garin sabulu da sabon soso. Na ɗiga bula kaɗan a ruwan ƙarshe, yadda nake yi wa rigar makaranta. Na ɗauraye sau uku. Na jingine a kan katanga ya bushe, na mayar. Ya yi kyau ƙwarai.

Ban faɗa mata ba don ina jira ta lura da kanta ta ce, "Auta, ke ce?" Kwana biyu ina jira. Daga baya na manta.

Ban yage ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Da maganar a kaina take tsayawa, da na faɗa tun jiya. Amma na ji Yaya tana gaya wa Baba abin da ta rubuta wa kwamiti a makon farko. Doka ta hana a fita da allon daga ofis ya kwana a wani wuri. Ta kawo shi gida ne don direba ya ɗauke ta tun da sassafe ba sai sun biya ta ofis ba. Kuma a takardar ta rubuta cewa a ofis ya kwana, ta sa hannu.

Baba ya ce, "Don me kika rubuta haka?"

Ta ce, "Don ba shi da alaƙa da maganar, Baba. Akwati ne a rufe."

In na yi shiru, sun ce ta ci amana. In na yi magana, sun ce ta yi ƙarya. Na lissafa ta kowane gefe kamar yadda aka koya mana, amsa ba ta fito ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu

Saura kwana biyu. Rediyo ta raba min biskit ɗinta ba ta ce komai ba. Rediyo ta yi shiru, abin ya kai.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Tana gugar kayan da za ta sa gobe. Takardar ƙarar Mai Tabarau tana kan gado a cikin ambulan. Na tsaya a bakin ƙofa har ta ce, "In shigowa za ki yi shigo, kin tsaya min kamar mai kawo takardar wuta."

Na ce, "Yaya, na wanke allon."

Ta ce, "Wane allo?" Ba ta daina guga ba.

"Na cikin baƙin akwati."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ta ce, "Da me?"

Na faɗa. Ta ce in sake faɗa. Da na zo kan bula sai ta fara dariya, irin wadda ba sauti, har ta zauna a ƙasa. Na ɗauka ko abin bai kai yadda nake tsoro ba. Sai dariyar ta ƙare.

"Yaushe kika gane?"

"Ranar da kika ce ba a sa masa ruwa."

Ta ƙirga da yatsu. "Kwana tara. Kina kallona ina rubuta ƙarar bawan Allah, har kina gyara min waƙafi."

Ta ce wankin ba shi ne ya yi mata zafi ba. Ta ɗauki ambulan ta yaga gida huɗu. Na ce ko za ta ce a ofis wani ya wanke. Ta dube ni ta ce, "Ƙarya ɗaya ce ta kawo ni nan, so kike in ƙara mata ƙanwa?"

Na ce zan bi ta gobe. Ta ce, "Ke da ba ki iya sayen gishiri a shago ba sai an raka ki?" Na ce zan bi ta.

Umma tana tsaye a tsakar gida da bokiti duk lokacin. Ba ta nuna mamaki ba. Ta ce kawai in goge takalmina.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ofishin yana hawa na biyu. Sanyi kamar cikin firji. An ba ni katin baƙo, na zauna a kujerar roba a ƙarƙashin taswirar, kore tun daga sama har ƙasa. Yaya ta shiga ita kaɗai, minti arba'in. Sannan sakatariya ta leƙo ta ce, "Ƙanwar."

Mutum biyar ne a dogon tebur. Shugabansu farin gashi gare shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na tsara jawabi a kaina tun asuba, ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Na kalli kwalbar ruwan da ke gabansa na ce, "Ni na wanke."

Ya ce, "Wa ya sa ki?"

"Babu kowa."

"Wa ya ce ki zo ki faɗi haka?"

A nan na gane ba su yarda ba. Sun ɗauka Yaya ce ta kitsa min. Wata mata a gefe ta rubuta wani abu ta ja masa layi.

Mai Tabarau yana zaune a gefe, an kira shi shaida. Shi ne ya ce, "Ranka ya daɗe, allon yana nan, kyamara tana nan. A tambaye su."

Muka sauka, har da direba, wani ɗaki mara taga, da fitila ɗaya mai zafi. An hana Yaya taɓa kwamfuta, ta tsaya ta naɗe hannu a baya. Mai Tabarau ya sa safar hannu ya fito da allon. Har yanzu yana da kyau. Ya ajiye shi kusa da wani da suka aro daga wani ofishi. A idona nawa ya fi fari. Ya ɗauki hoto, ya auna nawa da na aro, ya sa 'yan igiyoyin Yaya su bi layin.

Ba a yi minti biyu ba. Na aro ya fito kore. Nawa ya fito ja, gefe zuwa gefe. Ya buɗe layin, ga ɗan ramin nan kusa da ƙarshe, ko ni na gan shi.

Ya ce, "To, ga tsohon rufi a cikin akwati." Ya juya wurin Yaya. "Tsohuwar dabarata ba za ta ga wannan ba. Kada ki sa in maimaita."

Shugaban ya tambaye ni me ya sa na wanke. Na ce akwai tabon yatsa. Ya ce yatsan wa? Na ce ban sani ba, na tarar da shi ne. Allon da aka ce ba a taɓawa. Mai Tabarau ya cire tabaransa yana gogewa, direba yana kallon fitila, Yaya tana kallon ƙasa. Babu wanda ya sake tayar da maganar.

A mota ba ta yi min magana ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku

Takarda ta zo. Sun wanke ta daga zargin mai sito. Sun dakatar da ita wata uku saboda fita da allo da kuma abin da ta sa wa hannu. Za a sake tashin jirgi, da dabararta, amma Mai Tabarau ne zai yi. Sunansa ne zai hau taswirar.

Baba ya ce alhamdu lillahi. Yaya ta ce, "Shekara biyu," ta shiga ɗaki.

Litinin, 24 ga wata, lokacin tara

Rediyo ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da maganar mota ba.

Laraba, 26 ga wata, bayan magariba

"Miƙo gishiri." "Rufe ƙofa." Iyakar abin da ta ce min ke nan yau. Ban shiga ɗakinta ba tun ranar da na faɗa mata. Ina ganin ƙura a kan tagarta daga waje.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Da tsakar rana muka ji ƙarar, kamar ta babban sauro. Yaya ta fita ba mayafi ta zauna a dokin ƙofa. Daga nan ana hango saman sito-siton. Jirgin yana tafiya layi-layi, ya kai ƙarshe ya juyo.

Na fito na tsaya a gabanta. Ba ni take kallo ba. Ta ce, "Yana sauri da yawa. Na gaya masa ya rage." Leɓenta yana motsi, tana ƙirga layukan.

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Na ji tun ranar Laraba waccan."

Na ci gaba da tsayawa, ban san ko tafiya zan yi ba. Jirgin ya juyo na bakwai. Ta ɗan matsa gefe, ta bar wuri kamar faɗin littafi.

Ta ce, "Zauna, kin tare min gani."